Kallon Wata a Soron Mai Awon Filaye

Kwana uku na yi ban gaya wa matata ba. Sakamakon jarrabawar shiga aikin gwamnati, wadda muke kira kwankur, ya fito, an liƙa takardu a bango. Na bi sunaye da ɗan yatsa sau uku, babu nawa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta wani ƙauye kusa da Tabla a matsayin ɗan kwantiragi, kuma wannan ne karo na ƙarshe da shekaruna za su bar ni in zauna jarrabawar.

Hutun damina ne, gero ya fara fid da kai, ba ni da ajin da zan ɓuya a ciki. Da safe sai in sa riga in fita kamar mai uzuri. In zauna a rumfar abokina tela, kafin ya gama ɗinke hannun riga ɗaya na miƙe. In shiga kasuwar Filinge ta nan in fita ta can ban taya komai ba. Sau biyu na je tasha ina tambayar hanyar Agadas, don na ji ana cewa samari na samu a wurin haƙar zinariya. Ni da ban taɓa riƙe diga ba.

A rana ta uku, muna fitowa sallar magariba, tela ya riƙo hannuna, ya kira ni Mushe kamar yadda ake kiran kowane malamin lakwal.

"Mushe, kana ta yawo kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Taho mu tahi kallon wata."

Na ce masa ba azumi ba, ba salla ba, wane wata kuma? Ya ce in dai zo. Na bi shi ne kawai don hanyar ba ta gidana ba ce.

Gidan wani tsoho ne da ya yi aikin awon filaye har ya yi ritaya. Da zai bar aiki sai aka bar masa tsohuwar na'urarsa mai ƙafa uku, wadda ake leƙawa da ido ɗaya ta jawo nesa kusa. Duk ran sha huɗu ga wata yakan hau da ita soro, wanda ya ga dama ya biyo shi. Ba a gayyata, ba a kora. Mun tarar da mutane kamar goma a kan tabarmi: 'yan kasuwa biyu, wasu matan unguwa, wata tsohuwar ungozomar asibiti da ta zo da kwanon kwaɗon ganye da muke kira kopto, da wani Bafillace mai furfura yana hura gawayin shayi.

Na kasa zama. Na je wannan kusurwa na leƙa titi, na koma waccan. Ina cikin tunanin in sulale in sauka sai wata ya ɓullo daga bayan tudun gabas, jajawur, ƙato, kamar an ɗora sabon tiren tagulla a kan dutse. Hira ta tsaya. Tsohon ya sunkuya ya saita na'urar, mutane suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Bafillacen ya daɗe yana leƙe, da ya ɗago ya ce abin ya yi kama da bakin tafki bayan shanu sun sha ruwa sun tattake.

Da nawa ya zo, na sa ido ban ga komai ba sai baƙi. Raina ya ƙara ɓaci, na ce a zuciyata har wata ma ya tsallake sunana. Tsohon ya yi dariya ya ce watan ne ya gusa, ba ya tsayawa, kowa ya zo sai an sake saita masa. Ya murɗa wani ɗan ƙarfe, sai ga shi ya cika mini ido, fari fat, duk ramuka da tabo. Ban taɓa zaton haka fuskarsa take ba. Ina kallo yana tafiya a hankali zuwa gefe. Gwiwata ta bugi ƙafar na'urar, komai ya watse.

"Hankalinka ba ya nan, ɗana," in ji tsohon. "Mi ya hwaru?"

Ban san yadda aka yi ba, na ji bakina yana faɗa. A gaban mutanen da rabinsu ban san su ba na ce na faɗi kwankur, kuma ba ni da sauran dama. 'Yan kasuwar suka ce sai haƙuri, kowa da rabonsa. Tsohon ya koma yana gyara na'urarsa. Ungozomar ce ta tambaye ni ko matata ta sani. Na ce a'a.

"Ka hwaɗa muna mu baƙi, ka bar wadda ke dahwa maka tuwo?"

Kunya ta rufe ni, na samu gefen tabarma na zauna. Wannan ne zaman kirki na farko da na yi a kwana ukun nan.

Bafillacen ya miƙo mini kofin shayi, sannan ya zaro wata kwalbar maganin dabbobi daga aljihu, ya roƙe ni in karanta masa adadin da ake ba saniya, don da Faransanci aka rubuta. Na haska wayata na karanta masa. A nan ya ba ni labarin cewa daga wajen Sanam ya taso da iyalinsa da 'yan shanun da suka rage masa, lokacin da daji ya ƙi zaunuwa. Bai faɗa da neman tausayi ba, kamar mai ba da labarin ruwan bara. Ya juya kwalbar a hannunsa, ya ce, "Mushe, ana koya ma mai hurhura karatu?"

Na ce ana koyawa. Ya tambayi gidana, na kwatanta masa.

Kafin kiran isha'i na sauka. Na tarar da matata tana kwashe tuwo. Na tsaya a kanta na faɗa mata a tsaye. Ba ta ɗago ba, ta ce tun ranar farko ta sani, matar maƙwabcinmu ta gaya mata, tana jira ne ta ga kwana nawa zan yi ina zaga gari. Ta ƙara da cewa jakar tafiyar da na haɗa na ɓoye a bayan buhun gero, ta kwashe kayan ta mayar cikin akwati.

Ba zan ce hankalina ya kwanta daga ranar ba. Washegari ma sai da ƙafata ta kai ni bakin tasha, na tsaya ina kallon masu lodi, na juyo. Ran Asabar da la'asar aka yi sallama a ƙofar gida. Bafillacen ne, ya taho da ƙaninsa da wani mai sayar da fata. Na shimfiɗa musu tabarma a zaure, na ciro allunan ajina. Bafillacen ya damƙi alli kamar sandar kiwo, sai da ya karya uku kafin ya rubuta harafin farko.