Sau Ɗaya Suka Tambayi Kakana

Da labari ɗaya aka rene mu a gida: kakana, mahaifin Umma, ya ƙi kujerar Turawa. Lokacin da gwamnatin mulkin mallaka take zaɓen waɗanda za su zauna a majalisar ba Gwamna shawara, an yi masa tayi, ya ce ba ya so. Tun rasuwar Baba, Umma take zaune da ni a unguwar Whalley Range, nan ƙasar Turawa, kuma babu baƙon da zai sha shayinmu bai ji labarin nan ba, ko da mai gyaran famfo ne.

Bara na ɗauki hutun kwana ɗaya daga asibitin da nake aiki, na shiga jirgin ƙasa zuwa Birmingham, inda aka adana takardun wani tsohon Razdan, Baturen da ya mulki lardinmu. So nake in kawo wa Umma shaida ta rataya a falo.

Na sami sunan kakana cikin waɗanda aka ware. Razdan ya yaba iliminsa da gaskiyarsa, ya rubuta cewa da ya kira shi, malamin ya sunkuyar da kai ya ce bai cancanta ba, akwai waɗanda suka fi shi. Sai aka soke sunansa, aka ba wani.

Na san amsar nan. Kowane dattijon kirki a garinmu haka zai fara cewa, sai an sake aikowa, an haɗa shi da manya, sannan ya karɓa. Bature ya tambaya sau ɗaya ya wuce abinsa. A bayan takardar akwai wasiƙar kakana da ajami, yana tambaya cikin ladabi ko har yanzu ana bukatarsa, don yana son kai kukan mutanen da ake kwasa aikin tilas. Ko fassara ta ba a yi ba. Takaici ya cika ni.

Da na dawo, Umma ta tare ni a bakin ƙofa. "Kin samo?"

Saura kaɗan in ce mata ɗakin adana takardun a rufe yake. Na kasa. Na miƙa mata hoton wasiƙar, don ta fi ni iya ajami. Ta karanta a tsaye, tana bi da yatsa.

"Ashe so yake yi," ta ce a hankali. "Shi ya sa duk sallamar da aka yi da safe, da kansa yake fita, ko an sake aikowa. Har ya rasu."