Layuka Bakwai a Jikin Keken Kaka

A gidanmu na Kabong abu biyu aka san ni da su: rashin magana da wanke tukunya. Umma takan ce idan na zauna da toka da soson ƙarfe, ko tukunyar da aka yi girkin biki da ita sai ta koma madubi. Ina jin daɗin wannan yabo, don shi kaɗai nake samu ba tare da na buɗe baki ba.

Ina aji biyu a sakandare, wata Juma'a cikin damina, Abba ya dawo daga shagonsa na ɗinki da keke a bayan a-kori-kura. A wurin 'yan gwangwan na Titin Bauchi ya hango shi cikin tarin ƙarafa. Ban taɓa ganin irinsa ba. Kansa a lanƙwashe yake ƙasa kamar ƙahon rago, tayoyinsa sirara, sarƙar ta daskare, jikin duk laka da baƙin mai.

Muna cin tuwo Abba ya ce keken ya yi masa kama da na mahaifinsa. Kakan namu ya rasu tun ba a haife ni ba. A Vom ya yi aikin yi wa shanu allura, kuma a kan irin wannan keke yake zuwa yake dawowa. Bayan rasuwarsa wani ɗan'uwa ya ara, daga nan ba a sake jin labarinsa ba. Abba ya ce bai tabbata ba tukuna, sai an wanke dattin ya duba da kyau. Bai faɗi abin da zai duba ba, ni kuma ban tambaya ba. Maganar wanki kawai na riƙe.

Washegari yana fita shago na jawo keken bakin rijiya. Na fara da ruwa da garin sabulu, na bi da tsumma da kananzir. A hankali koren fenti ya fara bayyana. A kan dogon ƙarfen da ya tashi daga sirdi zuwa kai, sai na ga wasu gajerun layuka a jere, kamar an yi su da tsinke. Na ƙirga su, bakwai. Shuɗi, shuɗi, ja, ja, shuɗi, ja, shuɗi. Na huɗun an zagaye shi da wata 'yar siririyar da'ira. Na daɗe ina kallonsu. Sai na ce a raina ai wannan ɓarnar yara ce, ta ɓata wa keken kyau. Na ɗauko toka da soso. Ba su fita da sauƙi ba, sai da hannuna ya yi zafi. Da suka tafi, koren fentin da ke ƙarƙashinsu ma ya bi su, wurin ya zama farin ƙarfe yana ƙyalli.

Bayan la'asar Abba ya shigo. Ko takalmi bai cire ba ya nufi keken, ya tsuguna, ya bi ƙarfen nan da yatsa tun daga sirdi har kai, ya sake dawowa. Ya ce, "Sannu da aiki, Uwata." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Ina kicin ina tankaɗe na ji yana yi wa Umma bayani. Ya ce duk sanda aka yi wa Kaka haihuwa, yakan ɗebo fentin da suke shafa wa shanun da aka riga aka yi wa allura, ya ja layi ɗaya a jikin kekensa: shuɗi in namiji ne, ja in mace ce. Suna yara har faɗa suke yi a kan layin wa ya fi tsawo. Ya ce wannan keken babu ko ɗigo, don haka kama ce kawai, ba shi ba ne. Rariyar ta tsaya a hannuna. Taku uku ne tsakanina da su, amma na ci gaba da tankaɗe.

Duk da haka Abba bai so a mayar da shi cikin bola ba. Muka kai shi wurin wani tsoho mai gyaran keke a Titin Bauchi, ni ina riƙe da jakar kayan da suka kwance. Tsohon ya ɗaga keken da yatsa biyu ya ji nauyinsa. Ya ƙwanƙwasa jikin da sifana ya kara kunne, ya ce wannan ƙarfen kirki ne, ji yadda yake amsawa kamar ƙararrawa. Ya nuna mana mahaɗar ƙarafan, inda aka yanka bakinsu da ado kamar zanen lalle, ya ce da hannu aka yi, yanzu ba a yi. Ya kifa shi, ya goge ƙasan inda feda take juyawa, wata lamba ta fito. Ya ce lambar za ta iya nuna zamanin da aka ƙera shi, amma ba za ta faɗi mai shi ba, don irinsu da yawa sun shigo Jos lokacin haƙar kuza.

Sai idonsa ya sauka kan wurin da yake ƙyalli. Ya ce, "Oga tela, wa ya ci zalin nan? Wannan ba hannun bakanike ba ne, hannun mai girki ne."

Abba ya yi dariya ya ce uwarsa ce, kuma a unguwarmu babu mai kama ƙafarta a wanki. Tsohon ya dube ni ta saman tabarau. Na sunkuyar da kai ina kallon 'yan ƙwallayen ƙarfe da ya jera a murfin gwangwani.

Asabar uku muka yi muna zuwa. An jiƙa sarƙa a kananzir har ta saki. An wanke ƙwallayen nan an mayar da su cikin sabon giris. Tsohon ya ɗaure sifok, siraran wayoyin nan na taya, ɗaya bayan ɗaya yana juya taya har ta daina rawa. Abba da kansa ya shafe fatar sirdin da man kaɗanya, ya yanko ƙyalle ya naɗe kan. Yana aikin da kyau, amma ya daina ambaton Kaka. A Asabar ta uku ya ce wa tsohon idan an goge an fesa sabon fenti, a bar wa wani ɗalibin jami'a da ke ta zuwa yana tambaya. Ya ce ba zai iya ajiye abin da zai riƙa tuna masa da wanda ya ɓata ba.

A makon nan na kasa cin abinci sosai. Ranar Juma'a a aji na yagi takarda daga littafin lissafi, na ari jan biro, na zana layukan yadda na gan su. Da safen Asabar Abba yana saka hula na miƙa masa, na ce a jikin keken na same su, ni ce na kankare.

Ya zauna a kan benci. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗora yatsa a kan na huɗun ya tambaye ni ko haka na gan shi da da'ira. Na ce haka yake. Ya ce ƙanwarsa ce da ta rasu ba a yaye ta ba, ko Umma ba ta san da ita ba. Bai yi mini faɗa ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Da kin bar ni na gan su ko sau ɗaya, Uwata," ya ce.

Ba a yi fentin ba, ba a kuma bai wa ɗalibin ba. Keken yana zaure yanzu, Abba yana hawansa ranar Lahadi. Da labari ya bazu, Gwaggo, ƙanwar Abba, ta zo takanas daga Bukuru don ta ga layinta. Aka kira ni na nuna mata inda yake, na ɗora yatsa a kan farin ƙarfe. Ta ce a samo fenti a mayar da su mana, tunda ga wadda ta gani. Abba ya ce hannun da ya ja su ba ya nan.

Tun daga lokacin, duk ɗan'uwan Abba da ya zo sai an kira ni. Kowa yana so ya ji ko nasa dogo ne, ko ya karkace, ko fentin ya yi kauri. Ina ba su amsa iya abin da na tuna. Amma kwanan nan ƙanin Abba, autansu, ya tambaye ni tsakanin nasa da na biyar wanne ya fi tsawo, na ce nasa. Ya tafi yana murna, ni kuwa ban tabbata ba.