Inna Sikeli da Rahoton Kamfanin Sabulu

Shekara ashirin da shida Inna Sikeli ta yi a ɗakin baya na wata maɗaba'a, tana ninke takarda, tana jerawa, tana ɗinkewa. Taga ɗaya ce a ɗakin, ita ma can sama kusa da rufi, kuma warin gam ya kama tufafinta har 'ya'yanta kan san ta dawo tun kafin ta yi sallama. Ta ɗinke littattafan makaranta da kalanda da rasit, amma abin da ya fi bi ta hannunta shi ne rahoton shekara, wato littafin nan da manyan kamfanoni suke bugawa don masu hannun jari da duk mai son gani su san an ci riba ko an tafka asara. Ba ta taɓa karanta ko ɗaya ba. Karatu kam ta iya daidai gwargwado, lokaci ne babu, sannan lambobin shafukan baya sun yi wa idonta ƙanana.

Duk da haka ba ta fito hannu rabbana ba. A hankali ta lura cewa kamfanin da ya zo yana neman takarda mai kauri mai sheƙi, da bango mai ruwan zinare, da hoton shugaba yana murmushi a shafuka har biyar ko shida, sau da yawa ba ya dawowa baɗi. Sau uku tana ɗinke irin wannan littafi har yatsunta su yi tsami, sau uku mai maɗaba'a yana zuwa karɓar kuɗinsa ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Wanda kuwa ya zo yana ciniki a kan kowane bandir na takarda, yana cewa a rage hotuna, shi za a yi ta gani shekara da shekaru. Daga nan ta yanke hukuncinta, kuma ba ta sake waiwayarsa ba: littafi mai nauyi, kamfani marar nauyi.

Da gwiwoyi suka ce sun gaji, ta ajiye aiki ta dawo gida. A lokacin ne kuma 'yan unguwar masu neman aiki suka fara wayewa. Sun ga yayyensu sun yi wata huɗu, wata biyar suna sa kwat suna fita babu albashi, saboda haka kafin mutum ya je intabiyu sai ya nemo rahoton kamfanin ya duba ko akwai abin biya. Wasu su karanta su gane, wasu su karanta kansu ya ɗau zafi. Ɗan maƙwabcinta ne ya fara kawo mata nasa, da wasa. Ta ɗora shi a tafin hannu, ta rufe ido, ta ɗan jijjiga, ta ji nauyinsa, ta ce kada ya ɓata kuɗin motarsa. Bai ji ba, ya je, aka ɗauke shi, bayan wata bakwai aka rufe wurin. Tun daga ranar sunanta na yanka ya ɓace, ta koma Inna Sikeli, kuma wanda ya ci nasara yakan kawo mata sukari da ganyen shayi in albashin farko ya fito.

Mijinta mai gyaran fanka ne, a zauren gidan yake aikinsa, kuma ba ya barin ta ta huta da tsokana.

"Innar Auta, ni dai na yi sa'a ba ki fara awon nan ba lokacin da nake zuwa gidanku."

"Wa ya gaya maka? Na auna ka sarai. Na ji ba ka da nauyi ko kaɗan, na ce wannan zai daɗe."

Auta ita ce ta biyar a 'ya'yansu, kuma ita kaɗai ta rage a gida. Ta karanci lissafin kuɗi, ta fito da sakamako mai kyau, sannan ta yi shekara biyu cur tana rubuta takardar neman aiki. Ta rubuta har ta daina ƙirgawa. Ba mai ƙorafi ba ce, amma uwa ai tana gani: yarinyar da ta saba cika gida da surutu ta koma wanke kwanon da aka riga aka wanke. Wannan abu yana ci wa Inna Sikeli rai ƙwarai, ko da yake ba ta taɓa faɗa ba.

Kwatsam sai ga kira biyu a mako ɗaya, ɗaya daga kamfanin tayil, ɗaya daga kamfanin sabulu. Murna ba ta kai ko'ina ba aka duba takardun aka ga duka ranar Talata ne, ƙarfe goma na safe, na tayil a gabashin gari, na sabulu a yammaci. Auta ta buga waya ta roƙi a ɗaga mata, kowanne ya ce masu jira suna da yawa. Dole ta zaɓi ɗaya ta bar ɗaya, kuma ba wanda ya san yaushe wani kiran zai sake zuwa.

Ta je ofisoshin biyu ta karɓo rahotonsu a wurin sakatarori, ta zauna a teburin falo kwana uku da fensir da na'urar lissafi. Ranar Litinin da la'asar ta kira iyayenta.

"Inna, Baba, na gama dubawa. Masu tayil sun ci bashi mai yawa, gaskiya ne, amma sabon inji suka saya da shi, kuma cinikinsu shekara uku ke nan yana hawa. Sun ƙara ma'aikata sittin. Masu sabulu kuwa sun rubuta sun ci riba, amma fili da sito suka sayar, ba sabulu ba. In an cire wannan, asara ce."

"Miƙo su nan," in ji Inna Sikeli.

Ta ɗora na tayil a dama, na sabulu a hagu, ta rufe ido. Na daman ya kusa karya mata wuyan hannu, sheƙi kamar an shafa masa mai. Na hagun kuwa iska ma za ta iya ɗauka. Ta buɗe ido tana murmushin wanda ya gama aiki.

"Sabulu za ki."

"Inna, don Allah ki bari in nuna miki shafi na arba'in da ɗaya. Masu binciken kuɗi da kansu sun rubuta cewa..."

"Ke Auta, shafi na arba'in da ɗaya nawa na ninke kafin a haife ki? Wa na taɓa aunawa ya dawo ya ce na yi ƙarya? 'Ya'yan mutane na yi wa, sai tawa ce zan tura rami?"

Auta ta dubi babanta. Shi kuwa ya samu wata ƙusa a jikin fankar da ke cinyarsa wadda ya ga lallai sai an ɗaure ta a daidai lokacin. Ta mayar da fensirinta cikin jaka a hankali.

"To, Inna."

Wannan "to" ɗin bai yi wa Inna Sikeli daɗi ba, amma ta ce a ranta yaro ne, zai gane nan gaba.

Talata ƙarfe takwas da rabi Auta ta fito fes, ta durƙusa ta gaishe su, suka yi mata addu'a, ta tafi. Rahotannin biyu ta bar su a kan tebur, don ta riga ta haddace su. Inna Sikeli ta zo kwashe kofunan shayi, ta ɗauki na sabulun don ta goge wurin. Tsohuwar sana'a ba ta barin mutum. Ba da niyyar komai ba ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta buɗe shi don ta ga wane ne ya ɗinke, ko ya iya aiki.

Wayar ɗinki ɗaya ce tal a tsakiya, inda ake sa biyu. Ta ja tsaki ta ci gaba da buɗawa. Shafukan farko farare ne tas, na tsakiya sun ja rawaya, na ƙarshe kuwa sun fi sauran gajarta da kamar faɗin farce. Tawadar tana farawa baƙi ƙirin, tana tafiya tana dushewa. Inna Sikeli ta san wannan aikin, ta yi shi da hannunta. Kamfani mai tattali yakan sayi takarda mai araha, amma iri ɗaya. Wannan ragowar da ake tsincewa a ƙarƙashin injin yanka ce, kuma maɗaba'a ba ta yi wa kowa haka sai wanda bai biya aikin bara ba, ya dawo bana yana magiya a rufa masa asiri. Jiya ta auna littafin ne kawai, ba ta buɗe ba.

Ta jawo na tayil da sauri. Da zare aka ɗinke shi, ɗinki mai kyau irin wanda ake biya kafin a fara. Hoton shugaba ɗaya ne, ɗan ƙarami, sauran duk injuna ne da ma'aikata. Lambobin baya kuwa manya ne, ta karanta layi biyu ba tare da tabarau ba. Wanda ya buga su da girma haka ba ɓoye su yake yi ba.

"Baban Auta, ƙarfe nawa?"

"Tara saura biyar. Lafiya?"

Ta figi mayafi daga kan igiya ta yi waje. Waɗannan gwiwoyi da suka sa ta ajiye aiki, waɗanda kullum sai an shafa musu man zafi, ranar ba su ce uffan ba. Ta wuce shagon aski, ta wuce mai faci, ta tsallake kwata ba ta ko duba ba. Masu gaishe ta suka bi ta da kallo baki buɗe, don ba wanda ya taɓa ganin Inna Sikeli tana sauri, balle gudu.

A tasha layi biyu ne, na gabas da na yamma. Ta hango Auta a na yamma, layin sabulu, saura mutum uku ta shiga bas, ta rungume jakar takardunta tana kallon ƙasa. Inna Sikeli ta kutsa ta cafke hannun jakar.

"Fito."

"Inna! Me ya faru? Baba ne?"

"Babanki lafiyarsa ƙalau. Ni ce. Na yi kuskure."

Da ƙarfi ta faɗa, don numfashinta bai ba ta damar yin ƙasa da murya ba. Rabin mutanen layin 'yan unguwa ne, kuma a cikinsu akwai waɗanda ta taɓa yi wa awo. Wani dattijo ya cire hula ya sosa kai ya ce yau kam ya ga abin da bai taɓa gani ba. Kunya ta kama ta har cikin ƙashi, amma ta sake maimaitawa don kada Auta ta ɗauka wasa ne.

"Na ce na yi kuskure. Lissafinki ne daidai. Wuce mu je."

Kwandastan bas ɗin gabas, wanda ya ji komai, ya roƙi na gaba su yi haƙuri, ya tura su ciki su biyu. Sai da motar ta tashi Inna Sikeli ta tuna ba ta ɗauko ko jaka ba, kuma ba wanda ya gayyace ta. Auta ta biya mata. Tafiyar minti arba'in ce in hanya ta yi kyau, Inna Sikeli kuwa ta cinye ta tana yi wa direba faɗa, in ya yi gudu ta ce zai kashe su, in ya rage ta ce zai kashe mata aikin 'ya. Goma saura bakwai suka sauka.

Mai gadin kamfanin ya ba ta benci a inuwa. Ta zauna tana kallon manyan motoci suna fita da kaya, ɗaya bayan ɗaya, ta ƙirga goma sha ɗaya kafin ta gaji. A lokacin ne gwiwoyin suka tuna da ita, suka kawo ƙararsu gaba ɗaya. Ta yi ta murza su tana addu'a, tana kuma tunanin jiya da la'asar, da yadda ta katse yarinyar a tsakiyar magana.

Sha biyu saura Auta ta fito. Tana tafiya a hankali kamar yadda ya kamata mai neman aiki ya yi a gaban mutane, amma tana wuce ƙofa ta sheƙo da gudu.

"Inna, sun tambaye ni me na sani game da su. Na ce na san bashin injin, na san shekarar da za su gama biya, na kuma tambaye su me ya sa kuɗin wutarsu ya ninka. Manajan ya ajiye biro ya ce mutum tara suka shigo kafin ni, ba wanda ya buɗe shafukan baya. Ranar ɗaya ga wata zan fara!"

Inna Sikeli ta buɗe baki za ta ce wani abu na manya, sai kuka ya riga ta. Kukan daɗi ne, ta yi shi sosai a kan bencin mutane, mai gadi yana ta cewa barka, barka. Auta ta zauna kusa da ita tana dariya tana share mata fuska da gefen mayafi. Da suka ɗan natsu sai yarinyar ta yi ƙasa da murya.

"Inna, kin san da ba ki zo ba, can ɗin zan tafi. Ko da na san ba daidai ba ne."

"Na sani," in ji Inna Sikeli, ta riƙe hannunta gam. "Shi ya sa na yi gudu."