Maude da Lasifikar Jinjiri

Duk wanda ya san Batsari ya san rumfar Maude, can bayan masu faci, inda rediyoyi da lasifiku suka yi tsibi har babu wurin ajiye ƙafa. Gyara ce sana'arsa tun yana saurayi, amma kunnensa ne ya sa aka san shi. Idan aka kawo masa lasifika ba ya ko kallon rubutun da ke jikinta. Sai ya ɗora ta a cinya, ya ƙwanƙwasa takardar da ke fitar da sautinta da farce, ya ɗauko ƙaramin batir ya taɓa wayoyinta. Daga ɗan gurnanin da za ta yi zai gaya maka ko ta Ingila ce, ko ta Japan, ko kuwa irin ta yanzu ce da ake liƙa wa sunan ƙasar da ba ta taɓa zuwa ba. Wani lokaci har sansana gam ɗinta yake yi. Kuma ba ya rage wa kowa magana. Ladanai sun sha fita daga rumfarsa rai a ɓace, masu shaguna kuma ba sa ƙaunar su hango shi tare da mai saye.

A duk lasifikun da suka bi ta hannunsa, guda ɗaya ce yake girmamawa, ta abokinsa Jinjiri mai jita, mutumin Wagini. Jinjiri ya samo ta ne cikin wata tsohuwar amfilifaya, wurin wani makaɗin otal a Kano. Ta Ingila ce ta gaskiya, takardarta ta yi ja don tsufa. Ba ta da ƙara can. Amma in Jinjiri ya taɓa tsirkiya a hankali sai ta yi kamar mutum ke magana a zaure, in ya matsa mata sai muryar ta ɗan dushe, dushewa mai daɗi da ke sa tsofaffin mata ajiye ludayi a gidan biki. Maude ne ke duba ta kowace damina. Shi ya hana a ajiye ta a ƙasa saboda danshi, shi ke kakkaɓe mata kyankyasai.

Da Allah ya yi wa Jinjiri rasuwa, jita da amfilifaya suka koma hannun ɗansa Ikrima, magidanci mai 'ya'ya, wanda shi ma ya iya kiɗan daidai gwargwado. Ba a daɗe ba sai ga shi ranar kasuwa ya sauke akwatin amfilifayar a rumfar Maude yana ta murmushi. Ashe ya cire tsohuwar lasifikar, ya sa sabuwa da ya sayo a Katsina, mai faɗi kamar faifai, har da fitilu a gefenta.

"Baba Maude, duba mana. 'Yar Ingila ce sabuwa fil, ga shi an rubuta."

Maude ya taɓa mata batir. Ta yi wani ƙas kamar an taka gwangwani. Ya sa farce ya ɗaga rubutun, ya ɓare kamar ɓawon albasa.

"Ingilar bayan tasha," in ji shi. "Ina ta ubanka?"

"Tana gida, Baba. Ai ta gaji. Yanzu in ba a jiyo ka daga Wagini har bakin titi ba, babu mai gayyatarka biki."

"Jaki ma ana jiyo shi daga bakin titi, wa ka ga ya gayyace shi? Ka kawo mini ita nan in adana. Kada ka bari ta kwana a ƙasa."

Ikrima ya yi dariya ya ce to. Kasuwa ta ci, wata ta sake ci, bai kawo ba. Yau ya manta, gobe babur ya cika da buhun wake. Ruwa kuwa ya sauka, hanyar ma ba kullum take da lafiya ba. Maude ya kasa zama. Wata safiya ya rufe rumfa, ya hau ɗan acaɓa sai Wagini.

A ƙofar gida ya tarar da Daudu, yayan marigayin, yana haɗa wa shanun huɗa dusa. Suka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi ruwa da shuka, aka sake yi wa Jinjiri addu'a. Maude yana amsawa, idonsa na kan hannun Daudu. Igiya ce a hannun, an ɗaure wani baƙin ƙarfe mai zagaye a bakinta, yana jan sa cikin daron dusa.

Maude ya gane shi tun kafin ya fito gaba ɗaya. Maganaɗisun lasifikar ne.

"Daudu, me ka yi?"

"Af, wannan? Wallahi ya yi mana rana. Bijimin maƙwabcinmu ƙusa ya haɗiye a dusa, sai yanka. Na gwada na wata 'yar rediyo, ba ya kama komai. Wannan kuwa, zo ka gani." Ya ɗago shi. Ga guntun waya da ƙusa mai tsatsa manne a jiki.

"Da me ka cire shi?"

"Guduma mana. Ya yi taurin kai, sai da na yi da gaske."

Sauran gangar jikin tana jingine a bangon turke. Ƙarfen ya lanƙwashe, siririyar wayar da ke tsakiya ta warware, takardar kuma akuya ta cinye rabinta. Abin da aka ƙera da awo, aka haye teku da shi, ya yi shekaru yana faranta ran garin nan, bai ga ko darajar buhu a rufe shi ba. Kuma a cikin gidan babu wanda ya ga an yi ɓarna. Waɗanda suka yi rawa da muryarta a bikinsu suna wucewa ta gabanta da tulu a ka.

"Ɗan'uwanka ya fi son wannan abu da rigar jikinsa," in ji Maude.

"Allah ya ji ƙansa, ai ya tafi. Mu da muka rage tuwo za mu ci, Maude, ba kiɗa ba. In sa ya faɗi, kai za ka ja mini garma?"

Ƙusar nan dai ta gaske ce, Maude ya gan ta da idonsa. Wannan ya ƙara masa haushi. Aka kawo masa fura, ya ƙi sha. Daudu ya ce ya ɗauki sauran in yana so, Maude ya ce a bar wa akuya ta ƙarasa.

Kafin kaka sabuwar ta yage, kamar yadda irinta ke yi. Ikrima ya kawo ta rumfa, wannan karon babu murmushi. Ya ce masu biki sun fara ƙorafi, wai ƙarar ta yi yawa amma kiɗan ba irin na gidansu ba ne.

"Baba, ko za ka gyara ta ta riƙa fita kamar ta mahaifina?"

Maude ya jawo gam, ya fara liƙe yagar ba tare da ya ɗago kai ba.

"Ƙara dai zan mayar maka da ita. Muryar ubanka kuwa tana cikin daron dusa, je ka tambayi Baffanka."