Ranar da Kawu Mzwakhe Ya Kai Ƙanensa Gida

Kawu Mzwakhe ya shekara ashirin yana dako a tashar jiragen ruwa ta Durban. Ya shiga jam'iyyar kwaminisanci ne saboda a ajinta na yaƙi da jahilci aka fara kiransa da sunansa, a wurin aiki kuwa da lamba ake kiransa. Nan ya koyi karatu, har ya zama mai raba jaridarsu.

Da ƙanensa Velaphi ya rasu a birni, Kawu ya karyo reshen magaryar kura don ya raka ruhinsa gida Msinga da shi, kamar yadda al'adarmu ta tanada. Mai ɗauke da reshen ba ya magana da kowa sai mamacin, in ba haka ba ruhin ya ɓata a hanya. A tashar mota sakataren jam'iyya ya tare shi, ana tara mutane don zanga-zanga.

"Kwamared, har yau kana hira da itace? Ajiye shi ka kama mana tuta."

Kawu ya dubi reshen ya ce, "Velaphi, ga motarmu nan, mu shiga."

Da ya dawo, kwamitin jam'iyya ya ce sai ya nemi afuwa a gaban taro saboda bin camfi. Ya ce, "Ai ku kuka koya mini ba a barin ɗan'uwa a hanya." Ya ajiye musu katinsu na zama ɗan jam'iyya a kan tebur.

Har yanzu yana karanta jaridarsu. Na taɓa tambayarsa ko ya yi nadama, ya ce shi dai Velaphi ya isa gida.