Clive, Mun Sallame Ka Kafin Baitin Ya Shigo

Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga Maris, matarka Glenys ta kira ni ta ce, "Norman, abokinka ya tafi." Zuciyar da ta daɗe tana ba ka wahala ce ta tsaya a asibitin Shrewsbury. Clive Hatherall, mai gyaran famfo, mutumin da na fi yin gardama da shi a duniya, yau babu kai. Na zauna a kicin da wayar a hannu.

A shagon sayar da faifai muka haɗu muna samari, lokacin da kiɗan rok mai dogon zango yake tashe, waƙa ɗaya ta cinye fuskar faifai sukutum. Ka gan ni da faifan ƙungiyar Copper Heron ka ce, "Mutumina, wa ya cuce ka?" Tun daga ranar ba mu rabu ba, kuma ba mu taɓa yarda da juna ba. Kai na ƙungiyar Winter Ferry ne, saboda baitocinsu: ma'aikatan masaƙa, mai fito da ya tsufa a kan kogi, hannuwan uwa. Ni kuwa kiɗa na sani, sarewa da jita da gangar da ke sauya taku ba sallama. Kakan ce mawaƙinmu ba ya da zance sai dodanni da sarakunan wata, kamar yaro mai zazzaɓi. Ni kuma in ce makaɗanku sun iya taku ɗaya tak, shi ma da ƙyar.

Kowace Lahadi da yamma muna ɗakinka na baya, garmaho a tsakiya, shayi yana hucewa. Dokarka ɗaya ce: a ɗora allura daga farkon faifai, ba tsallake, ba magana, sai ta kai ƙarshe da kanta. Kakan ce waɗanda suka yi waƙar sun san dalilin da ya sa suka jera ta haka. Da allura ta tashi sai ka juyo: "To, tsohon kurma, ka ji abin da ya ce?" Ni kuma in ce, "Wa ke sauraron surutu ana kiɗa?" Glenys takan leƙo ta ce Allah ya shirye mu.

Amma kai ne, duk hunturu, kake zagaya gidajen tsofaffin unguwa kana gyara musu tukunyar ɗumama ɗaki, a ba ka kofin shayi ka ce ya isa. Kuma lokacin da matata ta rasu, kai ne ka zo gidana ka ɗora faifan Copper Heron da ka fi tsana, ka zauna har ya ƙare ba ka ce uffan ba. Na san abin da wannan shirun ya ci maka.

Glenys ta ce ni zan zaɓi waƙar jana'izarka. Zaɓin ba wuya, waƙar mai fito ce. Sai dai ɗakin addu'a na maƙabarta ɗan lokaci kaɗan yake ba kowane gida, don wasu masu gawa suna jira a ƙofa. Ita kuwa waƙar, kiɗa zalla ne mai tsawo a farkonta, baitin sai can ƙarshe. In na tsallaka zuwa baitin, na karya dokarka a gaban akwatinka. In na fara daga farko, wataƙila ba za a kai ba. Na ce a raina za su ɗan yi mana haƙuri, na sa aka fara daga farko.

Ba su yi ba, kuma ban ga laifinsu ba. Mawaƙin yana jan numfashi zai fara ke nan, mai kula da ɗakin ya rage sauti a hankali, ya buɗe ƙofar fita. Haka muka sallame ka, kai da ka rayu don kalmomi, da kiɗa zalla.

A waje 'yarka Tamsin ta riƙe hannuna tana kuka. Ta ce, "Kawu Norman, ba komai. Ka faɗa mana baitin da bakinka, ai ka fi kowa jin waƙar nan." Jama'a suka tsaya, Glenys ta zuba mini ido. Na buɗe baki, wallahi Clive, babu komai. Zan iya rera maka duk inda sarewa ta shiga da inda ganga ta juya, amma ko layi ɗaya na baitin ban riƙe ba. Shekara hamsin kana nuna mini abin da ke ranka, ni ina sauraron ganga. Kaico!

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa alherin da ka yi wa tsofaffin nan ya tarbe ka. Glenys, Tamsin, da jikokinsa, Allah ya ba ku haƙuri da juriyar wannan rashi, kuma ku yafe mini. Na karanta baitin yanzu a bayan kwalin faifan, Clive. Gaskiyarka ce, sai dai ba wanda zan gaya wa.