Shekarar da Dabgi Ya Fito da Rana

Ranar wata Litinin ce, bayan an gama zuba gero a rumbu, a shekarar da aka datse gulbi a Bakolori. Na riƙe ragamar jakin kakana muka fito daga ƙauyenmu na ƙasar Maradun, shi yana bisa da sabuwar igiyar rama a cinyarsa, ni ina gaba da ƙullin ƙwai da dafaffen rogo a ka. Ko kukar bakin gari ba mu wuce ba sai ga gada tsaye a tsakiyar turba, ƙafafunta duk laka, tana kallonmu kamar akuyar gida. Na daka tsalle na ce, "Kaka, gada!" Ya ɗan karkato kai ya ce, "Da idonki kinka gan ta, uwargida, ko da bakinki?" Na rantse masa da ido ne. Ya ƙulla ƙulli na farko a igiyar, amma bai yi mini dariyar da ya saba ba, ni kuwa murna ba ta bar ni na lura ba.

Kaka Nomau maharbi ne a zamanin ƙarfinsa, kafin hakiya ta rufe masa ido. Ni kuwa Kulu, jikarsa, tun ina 'yar ƙarama aka ba shi ni in riƙa ja masa sanda, shi ya sa yake tsokanata da uwargida, yana cewa ya yi rashin sa'ar mata, ga surutu ga ƙona tuwo. Duk shekara bayan girbi mukan tafi Damri ta ƙasar Bakura gaishe da 'yarsa, Gwaggo Tumba. Mukan bi ta gefen kurmi, mu kwana a Talata Mafara don ya sayi taba da kanwa a kasuwa, kashegari mu ƙarasa. A wannan tafiya ne yake ƙirga namun daji. Kafin mu tashi zai jiƙa ramar gonarmu ya tufka igiya da hannunsa, kowane irin nama muka gani a hanya ya yi masa ƙulli ɗaya. Da can shi ke gani, da ido ya tafi sai na zama ni ce idon.

Abin yana da dokoki, kuma Kaka ba ya sassauci a kansu. Ƙulli ɗaya ne ga kowane iri, ko da garke guda muka tarar. Sawu ba ya shiga, kashi ba ya shiga, kuka daga nesa ba ya shiga, sai abin da aka gani da rai. Angulu da kurciya da ƙadangaren bango ya ce 'yan gari ne, ba su da wuri a igiyarsa. Sau da yawa na yi fushi da shi a kan wannan, musamman shekarar da kura ta yi ta kuka a bayanmu har jaki ya ƙi tafiya, amma ya hana ta ƙulli don ban ga ko jelarta ba. Idan mun dawo sai ya rataye igiyar a ƙarƙashin jinkar ɗakinsa kusa da 'yan uwanta na shekarun baya, waɗanda hayaƙi ya mayar baƙaƙe. Yakan sauko da kowacce ya bi ta da yatsa yana kiran sunaye a jere, zomo, kurege, damo, barewa, burtu, jan biri, ba ya tsallake ko ɗaya. Har yanzu ban san inda yake ajiye wannan duka a kansa ba.

Rayuwarmu a lokacin a jikin gulbi take. Da damina ya kawo ya malale fadama, idan ya janye ya bar mana laka mai taushi, mu dasa albasa da dankali da taba. Da safe nakan share tsakar gida, in kai awaki bakin ruwa, in ɗebo wa Inna, mahaifiyata, ruwa a tulu, sannan in ruga makarantar boko da aka buɗe mana a ƙarƙashin wata rumfar kara. A filin makarantar, idan maza suna langa mu mata muna carafke, ni ce mai bakin magana, domin ni kaɗai ce a cikinsu na taɓa zuwa Mafara a ƙafa, ni kaɗai na ga mesa tana shan hantsi a kan dutse. Nakan ƙara gishiri a labarin yadda nake so, tunda ba Kaka a wurin balle ya tambaye ni da ido ko da baki.

Sai baƙi suka fara zuwa da sanduna masu jan fenti suna kafawa a gonaki. Daga baya manyan motoci masu ture bishiya suka biyo, muna jin rurinsu daga ajinmu. Aka ce za a tare gulbi, ruwa zai taru ya cinye ƙauyuka, a koma wani sabon matsuguni a kan tudu. Mutanen gangare suka fara kwashe kaya. Gidanmu yana can sama, kusa da kurmi da makabartar da aka binne kakata, kuma Kaka ya kafe ya ce ba ya tashi. Mahaifina, Mamman, ya rasa yadda zai yi. Ba zai iya ɗaukar ubansa da ƙarfi ba, ba zai iya tafiya ya bar makaho shi kaɗai ba, ga shi ana ta rabon filaye a sabon wurin, masu kyau suna ƙarewa. Na sha ganinsa tsugune a ƙofar ɗakin Kaka yana roƙo da murya ƙasa-ƙasa. Wata rana Kaka ya yanke maganar. Ya ce, "Masu sandunan ga jiya sunka zo. Namun kurmi sun riga kowa sanin ƙasag ga. Ku bari igiyab bana ta dawo. In suna nan inda nib bar su, ruwa ba shi isowa gidan ga, ni ma ina nan."

Ni da ƙuruciya na ɗauki maganar a baibai. Na zaci idan igiya ta cika da ƙulli, shi ke nan mun tsira, ba za mu bar gidanmu da fadamarmu ba. Shi ya sa a wannan Litinin ɗin na buɗe ido yadda ban taɓa buɗewa ba, ina addu'a a zuci Allah ya fito mana da kowane nama. Kuma suka fito. Bayan gada sai beguwa ta ratsa gabanmu da rana tsaka, ƙayoyinta na kaɗawa. Sai bushiya, sai tunku, sai yanyawa da 'ya'yanta a baya. Guza ta hau tudu nesa da ruwa, wurin da ba ta da abin yi. Wani mugun dawa ya wuce a guje da jelarsa a miƙe, na ɓuya bayan jaki ina ihu ina dariya. Kan wata tsamiya jan biri ne jingim, sun yi tsit, ba mai tsokanar wani. Duk wanda na kira, Kaka ya ƙulla, sai ya tambaya, "Ina ta nuhwa?" Kullum amsar ɗaya ce, daga kurmi suke fitowa, tudu suke nufa. Igiyar da a shekarun baya mukan dawo da rabinta a sake, kafin azahar ta fara ƙarewa, har yana matse ƙulli a jikin ƙulli.

Muna gab da barin gefen kurmin na ga wata halitta da ban taɓa gani ba. Girmanta ya kai na tunkiya, bayanta a gantsare, kunnuwa dogaye irin na jaki, baki zuru-zuru, jiki duk caɓo. Tana tafe tana tangaɗi, hasken rana ya hana ta gani sosai. Na kwatanta wa Kaka, ina haki don murna. Ya ce in tsayar da jakin. Ya sa na sake kwatantawa, na sake. Sai ya sauko, abin da ba ya yi sai lokacin salla, ya ce in kai hannunsa inda ta taka. Na kai. Ya shafa sawun, ya murza lakar a yatsa, ya kai hanci. Yana nan a durƙushe ya ce, "Dabgi ne, Kulu. Tun ina saurayi nike harbi, ban taɓa ganin shi da rana ba. Ramin shi ya hi kabari zurhi. Ba shi hitowa yanzu sai in ruwa ya iske shi ta ƙasa."

Da ya kira ni Kulu maimakon uwargida, a nan na san abin ba na wasa ba ne. Na gane cewa tun safe ba tsira nake ƙirga mana ba, masu ƙaura nake ƙirgawa, kuma da bakina nake gaya masa abin da ba ya son ji. Na ce, "Kaka, ko a bar wannan, kada a ƙulla?" Ya ce, "Kin gan shi ko ba ki gan shi ba?" Na ce na gan shi. Ya lalubo ɗan guntun da ya rage a bakin igiyar, da ƙyar ya isa, ya ɗaure ya ja da haƙori. Na yi kuka sosai a wurin, irin kukan da ba ka san wanda za ka kai wa ƙara ba. Bai rarrashe ni ba. Ya hau jakinsa ya ce mu tafi, rana na yi.

A Mafara bai sayi taba ba, ko cikin kasuwa bai shiga ba. Da muka isa Damri aka yi doguwar gaisuwa, ina gajiya, ina mutan gida, ina labarin ruwa, a nan Gwaggo Tumba ta fashe da kuka. Su da ke ƙasan madatsar, gulbi bai malalo musu fadama ba a shekarar, ƙasar da suke shinkafa ta bushe ta tsattsage. Na zauna a gefen tabarma ina jin uba da 'ya, shi ruwa zai cinye nasa, ita rashin ruwa ya kashe nata, gulbi ɗaya, kuma ba ɗayansu da aka tambaya. Da za mu taho ta ɗaura mana daddawa da kuka, ta riƙe hannunsa ta kasa saki.

Da muka dawo gida mahaifina yana zaune a zaure yana jiranmu. Ya zuba wa igiyar ido. Kaka ya miƙa masa ita, a cunkushe da ƙulli tun daga kai har gindi, ya ce, "Mamman, ku ɗaure kaya. Masu wurin sun tashi, mu mi za mu tsaya yi?" Aka ɓalle ƙyamare, aka kwashe rumbu, aka ɗora tukwanen Inna a amalanke. Ɗakin Kaka kawai aka bari yadda yake. Na hau kan turmi zan sauko masa da tsofaffin igiyoyin, ya hana ni, ya ce na kurmin ne, a bar su tare da shi. Ya sa na ja shi makabarta ya yi wa kakata addu'a, ya shafa ƙasar kabarin kamar yadda ya shafa sawun dabgi. Filin da muka samu a sabon matsuguni na ƙarshe ne, tsakuwa zalla, ko inuwar zama babu. Ba a daɗe ba masu kwalekwale suka ce sun wuce ta kan ƙauyenmu, kan kukar bakin gari kaɗai ke leƙowa.

Da shekara ta zagayo ya tufka wata igiyar, ina jin don kada in ga ya karaya. Muka bi ta sabuwar hanya, tsakanin magudanan siminti da filayen da aka baje babu ko kututture. Na duba har idona ya yi zafi. Kurege muka gani, da zomo guda, sai balbelu da ya yarda ya ƙulla musu, alhali a da 'yan gari yake kiransu. Wannan sassaucin ya fi komai yi mini ciwo. A lokacin ne kuma rigimar gonaki tsakanin manoma da hukuma ta taso, wadda har yau tsofaffinmu ke rage murya idan za su ambace ta, kowa ya shiga ta kansa, ba mai zancen namun daji. Kaka bai sake tufka igiya ba. Ya rasu a ɗakin kwano mai zafi, inda ba jinkar da za a rataye komai.

Yau ina zaune a Mafara, na tsufa, ina da nawa jikokin. Hanyar da yarinya da makaho suka bi da jaki ba mai tsare su, yanzu ko a mota sai an yi ta addu'a saboda 'yan bindiga, dajin da ya rage kuwa ba nama ke kwana a cikinsa ba. Igiyar shekarar dabgi tana nan a ƙasan adakata. Kwanan baya jikata Hassi ta tono ta, na zaunar da ita ina bin ƙullin da yatsa yadda Kaka ke yi, gada, beguwa, bushiya, tunku. Da na kai tsakiya sai na tsaya, akwai waɗanda sunansu ya ɓace mini, kuma ba sauran mai rai da zan tambaya. Na tsallake zuwa na ƙarshe, wanda har yanzu shatin haƙorinsa ke jiki, na ce wannan dabgi ne. Ta ce, "Kaka, mi ne ne dabgi?" Na kwatanta mata kunnuwan da bakin da bayan, ta tuntsire da dariya ta ce tatsuniya nake yi mata. Na buɗe baki zan rantse da ido na gan shi, sai na tuna ba inda zan kai hannunta ta shafa sawunsa.